Jirgin da Ya Zo Neman Abdulkarim

Ruwan Kogin Challawa bai taɓa ɗanɗana gishirin teku ba. Daga yamma yake gangarowa, ya ratsa madatsar da aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992, ya biyo ta Panshekara, ya haɗu da Kogin Kano wajen Tamburawa su zama Kogin Haɗeja, daga nan ya miƙi gabas ta Yobe yana neman Tafkin Chadi. Amma fatun da ake jemewa a masana'antun da ke bakinsa, su teku suke nufa. A shirya su a kwantena, tirela ta ja su zuwa Legas, jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Italiya da Sifen. Kakanninmu ba haka suka san hanyar fata ba. Su arewa suke fuskanta. Majemi ya jeme fatar jar akuya da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, a ɗaura wa raƙumi, ayari ya bi ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Can ƙasashen Turai kuma a saye ta da sunan fatar Maroko, babu mai ambaton Kano ko Sakkwato. Yadda fuskar kasuwar Kano ta juya daga Sahara ta koma teku labari ne na wasu 'yan ƙananan jiragen ruwa, waɗanda ko ɗaya daga cikinsu bai taɓa matsowa kusa da Dala ba.

Abin da ya jefa ni cikin wannan tarihi kuwa shi ne wani ɗan jirgi mai tsawon inci 25 da nake haɗawa da hannu. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano ya san motar kara da motar gwangwani. Yaro zai tsaya bakin titi ya ƙare wa tirela kallo, ya dawo gida ya feƙe sillen kara, ya fitar da ita da ƙafafunta da madubinta, ba tare da kowa ya ba shi zane ba. Wasu al'ummomin sun ɗauki irin wannan aiki sun mai da shi na manya. A 1920 aka buɗe wani ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade na Misira, kusa da Luksor, aka tarar da 'yan jiragen katako da matuƙansu da igiyoyinsu, sun shekara kusan 4,000 a ajiye. A Ingila, hukumar jiragen yaƙi ta ba da umarni a 1716 cewa a riƙa kawo ƙaramin samfurin jirgi tare da zanensa kafin a gina shi. Sojojin ruwan Faransa da Ingilishi suka tsare a yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon kuwa, ƙasusuwan naman da ake ba su suke tarawa, su sassaƙa jirage, wasu ma su yi igiyoyin da gashi, su sayar su sami na kashewa.

Bambancin wannan aiki da motar kara abu guda ne, wato ma'auni. Ba a yin komai da ƙiyasin ido. Ma'aunin da masu ginin jiragen Ingila suka fi sabawa da shi shi ne ɗaya bisa 48, ma'ana kowace ƙafa huɗu ta ainihin jirgi ta zama inci ɗaya. Jirgin da na zaɓa sunansa Pleiad. Tsawonsa ƙafa 100, faɗinsa ƙafa 24, in an yi masa cikakken lodi yana nutsewa ƙafa 7 cikin ruwa. A kan teburina ya zama inci 25 a tsawo, inci 6 a faɗi, mutum mai ƙafa shida da zai tsaya a kansa kuma inci ɗaya da rabi. Na zaɓe shi ne saboda a 1854 ya shigo kogunan ƙasar nan yana neman wani baƙo, shi kuwa baƙon kafin jirgin ya fita yana zaune cikin birnin Kano.

Amma sai mun koma baya da shekara talatin. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton ya shigo Kano daga Barno, bayan ya ratso Sahara. Ya yaba da tsarin Kasuwar Kurmi, ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tambayar da ke cin Ingilishi a lokacin ita ce ina Kwara take zuba. Mungo Park ya riga ya halaka a kanta a Busa a 1806, cikin wani jirgi da ya harhaɗa da kwale-kwale. Bello ya karɓi Clapperton hannu biyu, suka tattauna a kan ciniki ta hanyar teku, har ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa. Da Clapperton ya dawo a 1826, sai ya tarar Sakkwato da Barno suna yaƙi, shi kuma yana ɗauke da kyauta zuwa ga Shehu Laminu na Barno, ciki har da makamai. Bello ya hana shi wucewa, kuma duk mai riƙe da ƙasa haka zai yi. A nan Clapperton ya rasu a watan Afrilu na 1827. Yaronsa, Richard Lander, shi ya dawo a 1830 tare da ƙanensa John, suka bi ruwa da kwale-kwale daga ƙasar Yawuri da Busa har suka faɗa teku. Ashe bakunan kogunan da 'yan kasuwar Turai suka daɗe suna sayen manja a cikinsu, su ne bakin Kwara.

Shekara biyu kacal aka yi, wani ɗan gidan masu ginin jirage daga Birkenhead, kusa da Liverpool, mai suna Macgregor Laird, ya shirya tafiya da jiragen tururi biyu. Babban ya sa masa suna Quorra, wato Kwara. Ƙaramin kuwa, mai tsawon ƙafa 70, da ƙarfe aka yi jikinsa, a lokacin da jama'a da dama ba su yarda jirgin ƙarfe zai jure babban teku ba. Sunan da aka rubuta a jikinsa shi ne Alburkah. Kalmarmu ce, albarka, kamar yadda kunnen Bature ya ji ta. Duk sanda na tuna da haka sai jikina ya yi sanyi, domin cikin Turawa 48 da suka yi wannan tafiya ta 1832, tara ne kawai suka koma gida. Alburkah ya kai har Rabba ta ƙasar Nupe a 1833, amma zazzaɓi ya cinye mutanen, Lander kuma aka harbe shi a cikin kogi ya rasu a tsibirin Fernando Po a 1834. A 1841 gwamnatin Ingila da kanta ta aiko jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, da niyyar kashe cinikin bayi ta hanyar buɗe wani cinikin. Nan ma fiye da Turawa 40 suka mutu cikin 'yan watanni. Ribar da harshenmu ya samu a wannan tafiya ita ce wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya fara koyon Hausa saboda ita, daga baya ya fitar da littafin nahawu a 1862 da ƙamus a 1876.

Bayan wannan asara Ingilishi suka ja da baya fiye da shekara goma. Sauro ya tsare mana ƙofar kudu, ko da yake a wancan lokaci babu wanda ya san shi ne mai aikin, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar.

Sai ga Heinrich Barth, Bajamushen da ke yi wa Ingila aiki, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. A watan Fabrairu na 1851 ya shigo Kano, zamanin Sarki Usman Maje Ringim. Ya zagaya marina da masaƙa da majema, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ya ga takalma da jajayen fatu ana ɗaure su zuwa arewa. A lokacin in an ce Turawa a Kano, Larabawan Gadamas da Tarabulus ake nufi, shi ya sa har yau akwai Dandalin Turawa a cikin birni. Irin su Barth Nasara ake ce musu. A watan Yuni na wannan shekara ya ƙetare Binuwai kusa da Yola, ya aika London da labarin cewa ga wani babban kogi da jirgi zai iya bi har tsakiyar ƙasa. Wannan wasiƙa ita ta haifi Pleiad. Gwamnati ta ba Macgregor Laird kwangila, ɗan'uwansa John Laird ya gina jirgin a Birkenhead, aka ce a hau Binuwai, a auna ta, a kuma nemo Barth da wani abokin aikinsa, Eduard Vogel, domin an daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba.

Mai haɗa ƙaramin jirgi da hannu yakan fahimci wasu abubuwa da mai karatu kawai ke wucewa. Akwai hanya biyu ta yin jikin jirgi. Ko dai a kafa ƙashin baya, a jera haƙarƙari, a bi su da siraran katako ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yin na gaske, ko kuma a yanka allunan katako gwargwadon faɗin jirgin a kowane mataki, a manne su da gam, a sassaƙe, a goge. Ni ta biyun na bi, da guntayen katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa, tunda jikin Pleiad na ƙarfe ne, ba a ganin layin katako a kansa. Daga nan na lulluɓe shi da siraran fallayen gwangwani, ina buga alamar ƙusa da tsinin allura. Ina cikin sassaƙar ne na lura da yadda cikin jirgin ya baje, faɗi ƙafa 24 a kan tsawo 100. An yi shi ne don kada ya nutse da yawa, saboda Binuwai kogi ne mai tudun yashi, ruwansa kuma yana janyewa da zarar damina ta ɗauke. Ƙarfen ma dalilinsa ke nan: ya fi katako jure karo da yashi, tsutsar ruwa kuma ba ta cinsa. Maimakon manyan ƙafafu masu juyawa a gefe irin na Alburkah, farfela aka sa masa a baya, injin mai ƙarfin doki 60 yana juya ta.

To, jirgin da ke da inji, me zai yi da filafilai, wato manyan zannuwan nan da iska ke bugawa? Amsar tana cikin ɗakin gawayi. Jirgi ƙarami irin wannan ba zai iya ɗaukar kwal ɗin da zai kai shi daga Ingila zuwa Fernando Po ba, balle ya hau kogi da shi. Don haka aka kafa masa jigo biyu, da wani dogon itace da ya miƙe daga goshinsa, zannuwan kuma suna bin tsawon jirgin maimakon su gitta shi, tsarin da mutane kaɗan za su iya sarrafawa. A teku iska ce ke yin yawancin aikin. A cikin kogi kuwa, da kwal ya yi ƙasa, sai aka koma sarar itace a bakin gaɓa, kuma wannan wahala a kan 'yan Afirka ta faɗa. Turawa 12 ne a jirgin, baƙaƙen fata fiye da 50, yawancinsu mutanen Kuru na gaɓar Laberiya, tare da tafintoci da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka ceto daga jirgin bayi yana yaro. Gatarin da aka ba masu saran ma ba na kirki ba ne. Da wuya ka ji an ambace su, alhali da ƙarfin damtsensu jirgin ya yi tafiya.

Ɗaurin igiyoyi shi ne inda haƙurin mutum ke bayyana, kuma nan na fi daɗewa. Igiyoyin jirgi kashi biyu ne. Akwai na tsaye, masu riƙe da jigo kada ya karye, waɗanda ake shafa wa kwalta, don haka baƙi ake yin su. Akwai na ja, masu ɗaga zane da sauke shi da juya shi, su kuma launin igiyar rama suke da shi. Igiya mai kaurin inci ɗaya tana komawa zare mai kaurin rabin milimita. Matakalar da matuƙa ke takawa su hau sama, wadda ake ƙullawa a jikin igiyoyin gefe, tazararta wajen milimita 8 ce, kowane mataki kuma da ƙullinsa a kan kowace igiya. Wajen dukawan Kurmi na koyi ja wa zare kakin zuma don gashinsa ya kwanta, kada ya sha danshi ya saki. Ƙa'idar ita ce a fara daga ciki a fito waje, daga ƙasa a hau sama, na tsaye kafin na ja, kuma in ka ɗaure ta dama ka ɗaure 'yar'uwarta ta hagu nan take, in ba haka ba jigon ya karkace. Babu igiyar da aka sa don ado. Wadda duk ba ka iya faɗin abin da take ja ba, to ba ka gane jirgin ba tukuna.

Wanda aka shirya zai jagoranci tafiyar, John Beecroft, ƙaramin jakadan Ingila a Fernando Po, ya rasu kafin jirgin ya iso. Sai ragama ta faɗa hannun wani likitan sojan ruwa ɗan shekara 28, William Balfour Baikie, mutumin tsibiran Orkney na Sikotilan. A watan Yuli na 1854 suka shiga kogi. Suka wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, suka hau har ƙasar Muri, kimanin mil 250 gaba da inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa, sannan ruwa ya fara janyewa suka juyo. Ba su sami Barth ba, domin shi yamma ya yi, can Tumbuktu. A tsakiyar watan Oktoba, daidai lokacin da Pleiad ke gangarowa, Abdulkarim ya shigo Kano daga Sakkwato, a gajiye, ba shi da kuɗi, bashi ya yi masa katutu. A farkon Nuwamba jirgin ya koma Fernando Po bayan kwana 118 a cikin kogi.

Abin da ya girgiza London shi ne babu wanda ya mutu. Baikie ya sa kowane Bature shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya kama shi, maimakon a jira sai ya kwanta. Wannan magani daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka ake samunsa. A cikin ɗan jirgina na sassaƙa akwatin maganin, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma a ganina ya fi injin da farfelar nauyi a tarihinmu. Daga ranar da Bature ya iya kwana ɗari a Kwara ya fita da ransa, sauran abin da ya biyo baya lokaci kawai yake jira.

A 1857 Baikie ya dawo da wani jirgin, Dayspring. A watan Oktoba ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, mutanen suka yi kusan shekara a bakin kogi kafin jirgin Sunbeam ya zo ɗaukarsu. Baikie bai koma gida ba. Da yardar Etsu Masaba na Nupe ya zauna a mahaɗar kogunan nan biyu, inda Lakwaja take yanzu, yana ciniki, yana ba da magani, yana sasanta rigima, yana fassara sassan Baibul zuwa Hausa. A 1862 ya hau doki daga Bidda ya biyo ta Zariya har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana neman takardun da suka shafi Vogel, wanda aka kashe a Wadai. A 1864 ya rasu a Saliyo a kan hanyarsa ta komawa gida. Ban ga dalilin musa cewa mutum ne mai ƙwazo, mai ƙin cinikin bayi da gaske ba. Amma a cikin Dayspring ɗin nan akwai wani hafsa, John Glover, wanda a 1863 ya tara wasu Hausawa, da yawansu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover a Legas. Daga ita Rundunar Sojan Najeriya take ƙirga shekarunta har yau.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke kogin a 1879, ya sami izinin mulki a 1886 da sunan Royal Niger Company. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. A ƙarshen Janairu na 1903 rundunar Kanar Morland, wadda ba ta kai mutum dubu ba, kuma da yawan sojojinta Hausa suke ji, ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, ta yi kwanan ƙarshe a bakin Kogin Challawa, ranar 3 ga Fabrairu ta shiga Kano. Sarki Alu yana hanyar Sakkwato a lokacin. Da aka kama shi aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, garin da likitan Pleiad ya zauna, kuma a can ya rasu a 1926.

Jirgin ƙasa ma ta ruwa ya zo mana. Layin Baro zuwa Kano, mil 356, wanda aka fara a 1907 zamanin Gwamna Girouard, ƙarafunsa jiragen ruwa ne suka hau da su Kwara suka sauke a Baro lokacin cikar kogi. A 1911 dogo ya ƙetare Challawa ya shiga Kano, a shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus. Ayarin Sahara bai sake farfaɗowa ba. Kayan da raƙumi ke kai wa teku cikin watanni, yanzu cikin kwanaki suke isa. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga tan 2,500 da 'yan kai a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, da suka goge a cinikin goron Gwanja, suka juya ga gyaɗa, dala ta tashi a bakin tasha. Fata da ƙirgi suka bi wannan hanya. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara jawo wa birni ruwan famfo daga Challawa. Masana'antu suka fara taruwa a Bompai kusa da dogo, sannan Sharaɗa, sannan Challawa, inda manyan majemun zamani suka yi yawa. Da masu aikin dogo suka zo gina gadar Jebba, an tsamo ragowar injin Dayspring da farfelarsa, aka ajiye su a tashar jirgin ƙasa ta garin.

Saura mini zannuwan gaba guda biyu da anga in gama nawa. Kirana ga malaman makarantun koyon sana'a na Kano, da kafintoci da masu walda na Sharaɗa da Challawa da ke da yara a hannunsu, shi ne su ba yaran nan da suka iya motar gwangwani abin awo, su koya musu lissafin ɗaya bisa 48, su sa su haɗa Pleiad da Alburkah da Dayspring, su kuma haɗa kwale-kwalen Nufawa da na Kakanda da suka riga waɗannan jirage a kan Kwara. Wanda ya gama nasa ya kai Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ya roƙa a ajiye shi kusa da sirdin raƙumi, a rubuta shekarar 1854 a ƙarƙashinsa.